Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Tseren Motoci Da Hanyar Fakku

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya furta cewa tallafin mai ya kau, babu maganar da ta yi farin jini a bakin mahukunta kamar ta motoci masu aiki da lantarki da masu aiki da iskar gas. Gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman domin mayar da motocin haya su koma shan iskar gas. Gwamnoni suna ta yanke ƙyalle a gaban sababbin bas-bas da babura, ’yan kasuwa kuma sun fara shigo da kaya daga Sin da Indiya, kowa yana rantsuwa cewa nasa ne ya fi. Ba ni da ja a kan manufar. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati kafin wancan jawabi ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, don haka duk wanda ya nemo wa talaka mafita ya cancanci addu’a. Tambayata guda ce: wa ya gwada waɗannan ababen hawa a kan hanyoyinmu, cikin zafinmu da ƙurarmu, ɗauke da irin kayanmu?

Idan na ce hanyoyinmu, ina nufin irin waɗanda ke kaiwa garuruwa kamar Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato. Da zarar matafiyi ya sauka daga babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal ya nufi Jega, ya doshi ƙauyukan da ke cikin ƙasa, zai tarar da cewa babur ne sarkin hanya. Shi ne ke kai buhun gero da na shinkafa kasuwa, shi ne ke ɗauko taki, shi ne ke kai malamin firamare makaranta, shi ne kuma motar asibitin mace mai naƙuda cikin dare. Man da wannan babur yake sha sau da yawa a cikin kwalba ake sayensa a hannun ’yan bumburutu, a farashin da ya fi na birni. A ƙaddara ɗan kabu-kabu yana ƙona lita uku a yini, a kan naira 1,000 kowace lita: naira 90,000 ke nan a wata, kafin a yi maganar baƙin mai da faci da abincin gida. Wannan kuɗi kuwa daga aljihun manomi da mai jinya yake fitowa. Ke nan mutumin Fakku ya fi kowa buƙatar abin da zai maye gurbin fetur, kuma shi ne ya fi kowa rashin halin yin kuskuren saye. Wanda ya sayar da bijiminsa ya sayi babur na lantarki, batirin ya mutu bayan bazara guda, ba shi da wani bijimin da zai sake sayarwa.

Shawarar da nake da ita za ta ba wasu dariya: a shirya tsere. Na san abin da kalmar take kawowa a zuciyar mai karatu. Ko dai ya tuna da attajiran Turai suna zagaya fili cikin motoci masu ƙara kamar aradu, ko kuma ya tuna da samarin da ke wasa da babura ranar ɗaurin aure, waɗanda sau da yawa suke mayar da gidan biki gidan makoki. Tseren da nake nufi shi ne irin wanda kakanninmu suka sani a fagen sukuwa. Mai doki yana iya cika kasuwa da yabon ingarmansa, amma ranar da aka jera dawaki aka saki linzami, ranar ce ake sanin wanda za a nemi irinsa. Tseren mota ma haka ya faro, a matsayin jarrabawa a bainar jama’a, inda maƙeri ba shi da wurin ɓoye aibin ƙirarsa.

Tarihin abin yana da darasi tun daga shafinsa na farko. A ranar 22 ga Yulin 1894, wata jarida ta ƙasar Faransa mai suna Le Petit Journal ta shirya gasar da masana da yawa suke ɗauka ita ce ta farko a duniyar motoci, daga birnin Faris zuwa garin Rouen, tafiyar kilomita 126. A wancan zamani babu wanda ya san abin da zai tuƙa motar gobe, tururi ne, ko fetur, ko lantarki. Wadda ta fara isa mota ce mai aiki da tururi ta wani basarake mai suna de Dion. Amma alƙalai suka hana ta babbar kyauta, domin sai da mutum na biyu yana iza mata wuta take tafiya, alhali sharaɗin gasar shi ne mota ta kasance ba ta da haɗari, tana da sauƙin tuƙi, kuma ba ta cin kuɗi a hanya. Sai aka raba kyautar tsakanin kamfanin Panhard et Levassor da kamfanin Peugeot, wanda mu a nan muke kira Fijo. A lura da kyau: ƙa’idar gasa ce ta zaɓi gwani, gudu bai wadatar ba. Abin da masu shirya tsere suka rubuta a takarda, shi injiniyoyi suke kwana suna nema. Zan dawo kan wannan batu, domin a kansa maganata ta ginu.

Shekara biyar bayan haka, a 1899, wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa guda cikin mota, kuma motar tasa ta lantarki ce. Nauyin batirin wancan zamani da arhar man fetur su ne suka kori lantarki daga kan titi na kusan ƙarni guda. Cikin wannan ƙarni fagen tsere ya ci gaba da zama makarantar maƙera. Birki mai faifai, wanda yau yake kan kusan kowace mota, ya yi suna ne bayan motar Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans da shi a 1953. Dattawan direbobinmu kuma ba su manta da Fijo 504 ba. A 1975, shekarar da masana’antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, cikin taɓo da ramuka da ƙura irin namu. Amanar da direban tasha ya ba wannan mota shekaru da dama tana da tushe: an wahalar da ita a ƙasar Afirka, a gaban idon jama’a, ta fita kunya.

Akwai wani zare da ya taso daga fagen tsere ya zo har ƙasar Tambuwal, wanda ban cika jin ana ambatonsa ba. A 1987 aka fara gasar motoci masu tafiya da hasken rana a ƙasar Ostareliya, daga Darwin zuwa Adelaide, kimanin kilomita 3,000 ta tsakiyar hamada. Kamfanin General Motors na Amurka ya shiga da wata mota mai suna Sunraycer, ya lashe gasar da ratar kwanaki tsakaninsa da na biyu. Abin da aka koya a wannan tafiya game da injin lantarki da tattalin wuta shi ya haifi motar gwaji mai suna Impact a 1990, ita kuma ta haifi EV1 da aka fitar a 1996. Kamfanin ya janye EV1 bayan ’yan shekaru, amma ilimin bai mutu ba, domin wasu daga cikin injiniyoyinta sun shiga aikin Chevrolet Volt. Siffar Volt ɗin da aka nuna wa duniya a birnin Detroit a 2007 kuwa, zanen Jelani Aliyu ce, ɗan gidan Dogon Daji a ƙaramar hukumar Tambuwal, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka. Duk mai cewa wannan fanni na wasu jinsi ne daban, ga amsarsa a ƙofar gida.

A zamaninmu, gasar da ta fi fito da amfanin tsere ga motar lantarki ita ce Formula E, wadda aka fara a birnin Bejin na ƙasar Sin a watan Satumbar 2014. A shekarun farko batiri ba ya iya kai mota ƙarshen tsere, sai direba ya tsaya a tsakiya ya fito da gudu ya faɗa mota ta biyu. Duniya ta yi dariya. Cikin shekara huɗu aka kusan ninka abin da batirin yake ɗauka, daga 2018 mota guda ta riƙa gama tsere. Masu shirya gasar sun yi wata hikima: sun ba kowane ayari batiri iri ɗaya da gangar jiki iri ɗaya, don haka babu mai yin nasara da yawan wuta, sai da iya tattalinta. Wannan ya tilasta wa kamfanoni kyautata injin, da na’urar da ke sarrafa wuta tsakanin batiri da injin, da manhajar kwamfutar da ke lissafin komai. Sun kuma gwanance a kan mayar da wuta lokacin taka birki. Yadda abin yake shi ne, idan direba ya rage gudu, injin lantarkin yakan juye ya zama janareto, ƙarfin da a da yake salwanta a matsayin zafi a jikin birki sai ya koma cikin batiri. A motocin gasar na baya-bayan nan, kusan kashi 40 cikin 100 na wutar da ake amfani da ita a tsere ta wannan hanya ake samo ta. A ƙarshen 2019 kamfanin Jaguar ya sabunta manhajar motarsa ta kasuwa mai suna I-Pace da abin da ya koya a fagen tsere, motar ta ƙara nisan tafiya har kilomita 20 a caji guda ba tare da an sauya ko ƙusa ɗaya ba.

Ɓangaren man da ba fetur ba ma haka yake. Motocin tseren IndyCar na Amurka sun koma shan etanol, man da ake tatsa daga masara ko rake, tun 2007. Gasar Formula 1 ta ƙa’ide cewa daga 2026 babu sauran man da aka haƙo daga ƙasa a tankin motocinta, kuma kusan rabin ƙarfinsu daga lantarki zai fito. A watan Janairun 2024, Carlos Sainz na ƙasar Sifen, yana da shekara 61, ya lashe tseren Dakar a hamadar Saudiyya da motar Audi wadda injin lantarki ke juya tayoyinta, ko da yake tana ɗauke da wani injin mai wanda aikinsa kawai cajin batiri.

To, amma a nan ne ya kamata mu yi hattara. Tsere yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Gasar Formula E tafiya ce ta ƙasa da awa guda a kan kwalta mai santsi, da direba ɗaya, da injiniyoyi masu yawa suna jira a gefe. Ba ta san buhu biyu na gero da fasinja a bayan babur ba. Ba ta san rairayin da ke riƙe taya har injin ya ɗau zafi ba, ko ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, ko kwazazzabon da ke cika da ruwa a watan Agusta. Mafi girma duka shi ne zafi. Batirin litiyam yana son yanayi matsakaici, idan zafi ya yi yawa yakan tsufa da wuri, ya riƙa ɗaukar wuta kaɗan, wani lokaci ma ya kama da wuta. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wadda ƙasa ce mai zafi, suka yi ta kuka cewa batirinsu yana raguwa tun ba a je ko’ina ba, har sai da kamfanin ya fito da wani batirin da ya fi jure zafi. Idan haka ta faru ga babban kamfani a ƙasar da ke da dokokin kare mai saye, me ake tsammani ga babur marar suna da aka sauke a kasuwa, a ƙasar Sakkwato inda ma’aunin zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu?

Akwai kuma darasi na biyu, daga maƙwabtanmu na Nijar. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere kafin matsalar tsaro ta sa a soke na 2008 a kuma kwashe gasar daga Afirka. Kamfanoni irin su Peugeot da Mitsubishi sun koyi yadda ake ƙera motar da ke jure rairayi da zafi a kan ƙasar Abzin, har Pajero ta zama abin alfaharin masu hali. Mutanen da aka ratsa garuruwansu kuwa sun samu cinikin ’yan kwanaki, sun sha ƙura, wasu ƙauyuka a kan hanyar gasar har ’ya’yansu suka rasa a ƙarƙashin tayoyi. Ilimin ya hau jirgi ya koma inda ya fito. Haka ma gasar motocin lantarki ta Extreme E da aka yi a gefen tafkin Lac Rose na ƙasar Senegal a watan Mayun 2021, kwana biyu aka yi aka naɗe kaya. Wanda ya ba da aron fili kawai, kallo ne rabonsa. Riba tana wurin wanda ya rubuta ƙa’ida, ya riƙe ma’auni, ya adana sakamako.

Abin farin ciki shi ne ba daga kan fako za mu fara ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu’azu ya kai wa Sarkin Kabi a 1934, ya daɗe yana da tseren motoci cikin shagulgulansa. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan dogon hutu, Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin jagorancin Jelani Aliyu, ta ɗauki nauyin ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya, suka taso daga Abuja suka ƙare a Argungu. A ƙarshen wannan shekara aka nuna Hyundai Kona, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Legas. A watan Afrilun 2021 hukumar ta buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami’ar Usmanu Danfodiyo, jami’ar da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato take cikinta tun 1982. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injin mai daga ƙananan bas-bas ya sa musu na lantarki, suka ɗauki fasinja a titunan birni. Ɗaliban Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ƙera mota sun kai ta gasar tattalin mai ta Shell Eco-marathon. Duwatsun murhu suna nan, kowanne yana gefensa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ɗora tukunya. Ayarin Argungu na 2020 ya fi karkata ga tallata motocin gida, kuma ya yi aikinsa. Mataki na gaba shi ne jarrabawa.

Ga yadda nake ganin abin. A shirya gasar juriya ta babura da kekuna masu ƙafa uku, domin su ne ababen hawan talaka, ta taso daga Tambuwal ta bi ta Kebbe ta kai Fakku ta dawo, ana maimaitawa har kwana uku. A yi ta zango biyu a shekara: ɗaya a tsakiyar bazara lokacin da ƙasa take tafasa, ɗaya a tsakiyar damina lokacin da hanya take zama kunu. A buɗe ƙofa ga kowa, kamfanin da ke shigo da kaya, da mai harhaɗawa a gida, da ɗaliban jami’a, da makanikin da ya yi wa tsohon babur dashen injin lantarki a garejinsa. A ware rukunin lantarki da rukunin iskar gas, sannan a saka babur ɗin fetur irin Boxer da kowa ya sani ya bi su a matsayin ma’auni, domin duk wanda bai kai shi ba ba shi da abin faɗa wa ɗan kabu-kabu.

Ƙa’idojin su ne ran gasar, kuma mu ya kamata mu rubuta su. Na farko, kowane babur ya ɗauki nauyin da ake ɗauka a zahiri, buhu biyu na hatsi ko kwatankwacinsu, a auna a gaban jama’a. Na biyu, masu tuƙi su kasance ’yan kabu-kabun yankin da ƙungiyarsu ta zaɓo, masu sanin kowane rami, sanye da hular kwano, kuma duk wanda ya wuce iyakar gudun da aka sa a rage masa maki. Na uku, babu caji sai daga farantan sola da aka kafa a zango, domin babur ɗin da ya dogara da wutar gwamnati a waɗannan garuruwa ya dogara da baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. Mai son musayar batiri ya kawo rumfarsa, a lissafa kuɗinta cikin nasa. Na huɗu, idan abin hawa ya lalace, makanikin garin ne zai gyara shi da kayan aikin da ke akwatinsa, injiniyan kamfani ya tsaya gefe ya yi bayani da baki, agogo yana tafiya. Na biyar, a auna lafiyar batiri kafin a tashi da bayan an dawo, a kuma bar baburan a hannun matuƙansu su yi aikin haya tsakanin zangon bazara da na damina, a sake aunawa. Gwani shi ne wanda ya kai kaya lafiya a kan kuɗi mafi ƙaranci a kowace kilomita, idan an haɗa da farashin saye da na gyara.

Masu riƙe ma’auni suna nan kusa: Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Jami’ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero. Sakamakon kuma kada a kulle shi a durowar ofis cikin Turanci. A karanta shi da Hausa a gidan rediyon Rima, a buga shi a jaridu irin wannan, da sunan kowane babur da abin da ya yi, wanda ya ci da wanda ya mutu a hanya. Kyautar ma kada ta tsaya ga kofi. Gwamnatocin Sakkwato da Kebbi su yi alkawari tun kafin a tashi cewa duk baburan lantarki ko na iskar gas da za su saya domin rabawa ko bayarwa bashi, daga cikin waɗanda suka haye wannan jarrabawa za su zaɓa. Ranar da aka yi wannan shela, kamfanoni da kansu za su fara tambayar ina ne Fakku, su aiko injiniyoyinsu su zo su ɗanɗani ƙurarmu.

Na san za a kawo uzurori, kuma wasunsu masu nauyi ne. Na farko shi ne tsaro. Kudancin Sakkwato ya ɗanɗani ta’asar ’yan bindiga, babur kuma shi ne dokin ɓarayin daji, har wani zai ce babur marar ƙara kyauta ce ga mai sanɗa. Damuwa ce ta gaskiya. Sai dai a tuna, babur ɗin fetur yana rayuwa a daji da jarka guda, shi kuwa na lantarki dole ya riƙa komawa inda ake caji ko musayar batiri, wurin da za a iya rubuta sunansa da na mai shi, kuma saka masa na’urar bin sawu abu ne mai sauƙi. Game da hanyar kanta, jami’an tsaro ne za su faɗi lokaci da zangon da ya dace. Idan kuwa aka ce hukuma ba za ta iya tsare hanya ta kwana uku ba, to sai a gaya mana yadda ake so mazauna wurin su bi ta kwana 365.

Uzuri na biyu kuɗi ne. Kowa ya taɓa leƙa harabar ma’aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a ƙasar nan ya ga maƙabartar motoci da taraktocin da aka saya da ɗoki, suka mutu saboda rashin kayan gyara ko rashin wanda ya san kansu. Kuɗin gasar da nake magana bai kai na kaɗan daga cikin waɗannan gawarwaki ba. Uzuri na uku shi ne, idan baburan lantarkin suka sha kaye fa? To, alhamdu lillahi, mun sani ke nan kafin talaka ya zuba dukiyarsa, maƙera kuma sun san inda za su gyara kafin baɗi. Formula E ma da musayar mota a tsakiyar tsere ta fara.

Ni dai zatona shi ne rana za ta fi iskar gas amfani a wannan yanki. Bututun gas da ake shimfiɗawa daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna ne ya nufi Kano, tsakaninsa da Kebbe kuwa tafiya ce mai nisa, sai dai a riƙa jigilar gas ɗin a manyan motoci. Rana kuwa ba ta buƙatar bututu. Mutanen karkara sun riga sun amince da ita: da ita ake cajin waya a rumfunan kasuwa, da ita ake jan ruwa a rijiyoyin burtsatse, manoman fadama ma sun fara sauya injin ban ruwa mai shan fetur da na sola. Amma zato zato ne, nawa da na kowa, shi ya sa nake neman a kai maganar fage.

Akwai wasu mutane da ba a cika tunawa da su a wannan zance ba, su ne makanikai. Babur ɗin lantarki ba shi da filogi, ba shi da kafireta, ba a yi masa juyen baƙin mai. Dubban samarin da ke cin abinci da waɗannan abubuwa za su wayi gari sana’arsu ta sauya fuska. Idan ba a koya musu sabon aikin ba, za su rasa abinci, masu baburan kuma su rasa mai gyara, kowa ya yi asara. Ƙa’ida ta huɗu da na ambata domin su aka yi ta. Makanikin da ya kwance injin lantarki a gefen hanyar Fakku, injiniya yana tsaye a kansa, jama’a suna kallo, ya samu darasin da takardar shaidar bita ta kwana biyu a otal ba za ta ba shi ba. Yaron da ke leƙe ta bayan kafaɗarsa kuma, wa ya san abin da zai zana nan da shekara ashirin? Dogon Daji ta riga ta nuna cewa ƙasar tana fitar da irinsu.

Saboda haka ina miƙa wannan shawara ga Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, da gwamnatocin jihohin biyu, da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da wakilanmu a majalisu, da iyayen ƙasa waɗanda ba a taro sai da albarkarsu. Ababen hawa na lantarki suna tafe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Zaɓin da ya rage mana shi ne ko mu gwada su a fage da kuɗin hukuma da na kamfanoni, ko a gwada su a kan talaka da kuɗin bijiminsa. Jarida ce ta shirya gasar farko a 1894, don haka ba abin kunya ba ne idan kiran wannan ma ya fito daga shafin jarida. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu ga ranar da za a jera babura a Tambuwal a saki linzami. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.